Minti Biyun da Na Tsallake a Gummi

Tun da na dawo daga Zamfara 'yan majalisarmu suka hana ni sakat. Wannan ya ce yaya garin, wancan ya ce ina tsarabar zinari, Ɗanlami mai gyaran waya kuwa kullum sai ya ce na rame. To ga shi na rubuta, kowa ya karanta ya bar ni in huta. Kwana uku na ce wa maiɗakina zan yi, na yi tara, kuma har yau bayana bai koma daidai ba.

Wanda ya jawo mini tafiyar shi ne Sanusi, abokina tun muna koyon gyaran kwamfuta a nan Zariya, yanzu yana koyarwa a garinsu Gummi. Kakansa na wajen uwa, marigayi Malam Haliru, malami ne mai waƙoƙin wa'azi, kuma a ƙarshen rayuwarsa an ɗauki muryarsa a kaset goma sha biyu. Sanusi ya juye su cikin kwamfuta, ya kuma ɗauki hoton takardun Malam shafi-shafi. Damina biyu da suka wuce rufin ɗakin ajiyarsu ya rufta, kaset da takardu duk suka koma laka. Abin da ya rage na Malam a gidan sai diski ɗaya, wato rumbun da kwamfuta ke ajiya a cikinsa. Shi ne kuma ya fara ƙara. Sanusi ya kira ni ya kara mini waya a jikin kwamfutar, na ji ƙas-ƙas-ƙas ɗin nan da duk ɗan sana'armu ya san ma'anarsa. Na ce ya kashe ta, kada ya sake kunnawa.

Ya ce, "Ai matsalar ke nan. Inna kullum bayan la'asar sai an kunna mata mahaifinta."

Na ce ya ba ta haƙuri ina tafe. Shirina mai sauƙi ne. Zan kwashe komai daga tsohon diskin, in sa sababbi guda biyu in haɗa su su zama tagwaye, duk abin da aka rubuta a ɗaya sai ya shiga ɗayan nan take. In ɗaya ya mutu, ɗan'uwansa ya ci gaba da aiki, a sayo wani a maye gurbi. Na sayi guda uku saboda gudun tsautsayin hanya, na naɗe su a zanin maiɗakina, na rungume jakar a cinya.

Daga Zariya zuwa Funtuwa ba abin faɗa. A shingen da ke iyakar Katsina da Zamfara ne aka sauke mu. Wani mai kaki ya sa na kwance zanin, ya ɗauki diski ɗaya ya kai kunne ya girgiza shi. Wallahi ji na yi kamar hanjina yake girgizawa. Ya ce wannan kayan na'urar neman zinari ne, ya sha ganin irinsu. Na ce ranka ya daɗe, muryar wani malami za a zuba a ciki. Ya dube ni, ya dubi abokin aikinsa, ya ce wa direba ya kwashe ni mu tafi tun rana ba ta ƙara taɓa ni ba.

A Gusau na sake mota, ƙarama, mu huɗu a baya, biyu a gaba ban da direba. Wani mai buhun albasa ya zauna a kan rabin cinyata har muka bar babbar hanya muka karya ta Anka. Can ruwa ya sauko, gilashin gefena kuma ba ya rufuwa. Ni na jiƙe, jakar ba ta jiƙe ba, domin kwanciya na yi a kanta. Muna gab da Anka bel ɗin injin ya tsinke. Direba ya fito ya dube shi ya ce, "Sai gobe in Allah ya kai mu," kamar wanda ke sallamar baƙi.

Sanusi ya kwatanta mini ta waya gidan wani Alhaji Mu'azu, wanda mahaifinsa ya yi karatu wurin Malam Haliru. Tun a ƙofar zaure aka ce in cire takalmi in kakkaɓe, aka ba ni buta in wanke ƙafa. Na ɗauka tsabar tsafta ce, ashe tsoron ƙurar dalma ne. Alhaji ya ce tun shekarar da yara suka yi ta mutuwa a ƙauyukan da ake niƙa dutsen zinari, ba ya barin ƙasar waje ta shigar masa gida. Mu a Zariya a rediyo kawai muka ji abin.

A nan na fara cin hoce. Wani abu ne na dawa da ake gasawa, a farfasa a kwaɗa da ƙuli da albasa. Loma ta farko na ce wannan ai horo ne, kafin in ankara na ga gindin kwano. Hausarsu kuma sai da na miƙe kunne, fura ta koma hura, muka ya koma munka. Da Alhaji ya ji abin da ya kawo ni sai ya ce, "Allah shi jiƙan Malam. Shi ba ya barin littahi shi kwan gari guda da ɗan'uwanai. Komi yay yi, uku shika yi, shi raba. Mu ma an ba mu kaset ɗin nan, yara sunka zazzare su." Na ce Allah sarki, ban ko riƙe maganar ba, barci nake ji. Sauron Anka kuwa bai bar ni na yi shi ba.

Washegari da hantsi na isa Gummi. Sanusi ya kai ni na gaishe da Inna, mahaifiyarsa, autar Malam. 'Yar tsohuwa ce siririya, idonta ya yi rauni, tana zaune kan buzu da carbi. Kowa a unguwar Inna yake ce mata, har sa'o'inta. Ta ce, "Kai na ɗan Zazzau da ka hana ni jin babana kwana shida?" Na ce ni ne, Inna, a yi haƙuri. Ta ce a kawo mini kifi. Kifin gulbinsu dai ba ƙarya, shi kaɗai ne abin da ban yi ƙorafi a kansa ba a tafiyar nan.

Na buɗe kwamfutar na iske gidan zanzaro a jikin fanka. Na share, na jona sabon diski ɗaya, na kunna da bismilla, na fara kwashewa a hankali. Ba a haɗa diski mai ciwo tagwaye da lafiyayye, wahalar haɗin ma kaɗai ta isa ta ƙarasa shi. Hotunan takardu suka wuce lafiya. Kaset tara suka wuce. A sauran ukun kuwa kwamfutar ta tsaya, ta ce akwai wurin da ta kasa karantawa, in sake gwadawa ko in tsallake. Na sake, na sake, ƙarar tana ƙaruwa. Na ji tsoron in na matsa zai mutu da sauran a cikinsa, sai na tsallake. A biyu daga cikinsu ɗan abin da ya ɓata bai kai ƙiftawar ido ba. A kaset na bakwai kuwa kusan minti biyu ne. Ina gamawa ba da daɗewa ba tsohon diskin ya yi shiru, bai sake juyawa ba.

Ga inda na yi laifi, kuma ba zan ɓoye muku ba. Na duba hoton takardar waƙar na ga baiti biyu ne suka faɗa cikin ramin, kuma ga su nan a rubuce. Na ce a raina wa zai lura? Na gaji, bayana na ciwo, ga Sanusi yana ta sa mini albarka. Da ya tambaye ni ko komai ya fita, na ce komai.

Haɗa tagwayen ya ci mini yini ɗaya da rabi. Ba wuya gare shi ba, ka nuna wa kwamfuta diski na biyu ka ce ta mai da shi abokin na farko, sai ta fara daidaita su tana nuna maka kashi nawa ta yi cikin ɗari. Matsalar ita ce in wuta ta ɗauke kafin ta gama, daga farko take komawa. Wutar gari ta ɗauke muna kashi sittin da wani abu. Aka aro janareta, ya kai mu tamanin, mai ya ƙare, don wanda aka aika sayen man ya tsaya jana'iza. Batirin da ke riƙe wa kwamfutar wuta kuwa ya daɗe da mutuwa, ado kawai yake yi a ƙarƙashin tebur. A karo na uku Sanusi ya zauna gaban janareta da galan a hannu, ni ina gaban allo, har ta rubuta cewa tagwaye suna lafiya.

Bayan la'asar aka kawo Inna ɗakin. Ina son in burge ta, ba zan musa ba. Na kunna kaset na farko, muryar Malam ta cika ɗakin, murya mai kauri da ɗan rawa-rawa irin ta tsufa. Yana cikin rerawa na sa hannu na zare wayar diski ɗaya, na miƙa mata shi ta taɓa, da ɗuminsa. Malam bai ko yi tuntuɓe ba. Na ce, "Kin gani, Inna? Ɗaya ya mutu, ɗaya na aiki."

Ta jujjuya shi a hannu ta ce, "Madalla. To in ɗakin ya hwaɗi hwa? Duka biyun ba cikin akwati guda suke ba?"

Sanusi ya sunkuyar da kai yana murmushi.

Ta ce kuma aiki bai ƙare ba sai an yi muƙabala. Sanusi ya bayyana mini cewa a gidan Malam in ɗalibi ya kwafi littafi, ba a kiransa littafi sai an zauna wani yana karanta sabon, wani yana bin tsohon, har ƙarshe. Na ce ai kwamfuta ta riga ta gwada tagwayen, daidai suke. Inna ta ce, "Ta gwada su da junansu. Da wa tag gwada na hwarin?" Tsohon diski ya mutu, saboda haka ita ce za ta zama tsohon littafin. Na mayar da diskin da na zare, kwamfuta ta sake daidaita su.

Kwana biyu muna zaune. Daga hantsi zuwa azahar, daga la'asar zuwa magariba, Malam yana rerawa, Inna tana bin sa da leɓe. Na gwammace kiɗa da karatu. A kaset na uku ta ɗaga yatsa ta ce ya haɗiye kalma, amma a wuce. A na biyar ma haka. A na bakwai, da aka zo wurin, muryar ta yi tsalle ta ci gaba. Inna ta daina jan carbi.

"Maido shi baya."

Na mayar. Ya sake tsallakewa.

"Sa ɗan'uwan nasa."

Na ce, "Inna, duk abin da ke cikin wannan shi ke cikin wancan."

Ta ce, "Ashe tagwayen naka bakinsu guda, har ƙaryarsu guda."

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Na faɗi abin da na yi a gaban Sanusi, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Don in rage wa kaina zafi na ƙara da cewa baiti biyu ne kawai, kuma suna nan a takarda. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Baitocin na cikin kaina tun ba a haihe ka ba, ɗana. Ba su nika biɗa ba." Ta miƙa hannu aka tashe ta, ta fita. A daren ba ta ci tuwo ba.

Na tambayi Sanusi me ke cikin minti biyun nan. Ya ce ba abin da bakinsa zai iya maimaita mini ba ne. A nan maganar Alhaji Mu'azu ta faɗo mini, na ce ba uku Malam ke yi ba? Na Gummi ya zama laka, na Anka yara sun zare, ina na ukun? Sanusi ya shiga ya tambayo. Inna ta ce wurin Malam Isa ne, ɗalibin Malam da ya koma Bukkuyum, in ma yana raye.

Da sassafe muka ɗauki ƙaramar kwamfutata, da wayar juye sauti, da rediyon Sanusi mai kaset. A Bukkuyum muka yi ta tambaya daga masallaci zuwa masallaci, har wani tela ya ce Malam Isa ya daɗe da rasuwa, matarsa ta koma wurin danginta a Nasarawa Burkullu. Muka hau babura biyu. Hanyar ƙasa ce, ruwa ya cinye ta, gero ya rufe mu hagu da dama. Sau uku ina sauka in tura. A wani rafi mai babur ɗin Sanusi ya ce ruwan iya gwiwa ne, ashe gwiwar raƙumi yake nufi. Suka kife, Sanusi ya tashi, rediyon ya sha ruwa ya ƙoshi. Na zauna a bakin rafin, laka har ƙugu, na ce wa kaina Kabiru, wa ya aike ka?

Gwaggo Hure, matar marigayi Malam Isa, ta tarbe mu da hura da nonon da ban taɓa shan irinsa ba. Da ta ji ɗan wa Sanusi yake sai ta kama hannunsa ta yi ta hawaye. Ta jawo wata kwalla daga ƙarƙashin gado, ta kwance tsumma uku, ga kaset goma sha biyu a jere da rubutun ajami a jikinsu, da ganyen darbejiya saboda ƙwari. Ita ba ta da rediyo, ba ta taɓa sauraronsu ba tun rasuwar mijinta. Na ce ta ba mu aron na bakwai mu je mu dawo da shi. Ta ce, "A'a. Amana ta. Malam ya ce kak su kwan gari guda da na Gummi." Sanusi ya ce ai na Gummi babu su. Ta ce ita dai ba a gaya mata haka ba lokacin da aka ba da amanar.

Sai neman rediyo. Aka samo na wani wanzami, murfinsa ɗaure da roba. Zaren kaset ɗin ya manne, na sa biro na juya shi a hankali daga farko har ƙarshe. Garin ba wuta, batirin kwamfutata ya yi ƙasa, saboda haka dama ɗaya gare mu. Na jona, na danna.

Muryar ta fito da shuu a bayanta, amma ta fito. Aka zo baitin da nawa ke tsallakewa, Malam ya rera shi, ya rera na biyun. Sai ya tsaya. Aka ji ƙarar ƙyaure, aka ji an ajiye kwano. Malam ya ce da muryar magana, ba ta waƙa ba, "Saude ta? Aje nan, ɗiyata. Hurarki ta hi ta kowa, amma kak ki gaya ma uwarki." Wata mace ta yi 'yar dariya. Ya ce, "Allah shi yi miki albarka, Saudatu." Ya yi gyaran murya ya koma waƙarsa.

Na ce wace ce Saude? Sanusi yana kallon ƙasa. Gwaggo Hure ta nuna shi da haɓa ta ce, "Uwatai ta." Sai a lokacin na gane me ya sa ya ce bakinsa ba zai iya ba, ɗa ba ya kama sunan mahaifiyarsa. Kwana shida ina cin tuwon matar nan ban san sunanta ba.

Mun kwana a zauren wanzamin, washegari muka sake bin lakar nan muka koma. Na zuba sabon kaset na bakwai a tagwayen, sau ɗaya na zuba ya shiga duka biyun, wannan karon da gaskiyarsa. Bayan la'asar aka kawo Inna. Ba wanda ya ce mata komai. Da Malam ya ce Saude ta, sai ta amsa a hankali, "Na'am, Baba." Ta bari har ya koma waƙa, sannan ta juyo inda take jin numfashina.

"Duk mai kirana da sunan ga ya riga ni tahiya, ɗan Zazzau. Shi ɗai ar rage. Maido shi baya."

Na mayar, sau huɗu.

Diski na ukun da na sayo saboda tsautsayin hanya ban dawo da shi ba. Inna ta sa na zuba komai a ciki, aka naɗe shi a zanin maiɗakina, Sanusi ya yi alkawarin kai shi kwallar Gwaggo Hure ranar kasuwa, kuma duk bayan sallar idi zai je ya gwada ko yana juyawa. Na nuna masa inda zai riƙa dubawa ya ga ko tagwayen suna lafiya, da abin da zai yi ran da ɗaya ya faɗi. Zanin kuwa har yau ana yi mini gorinsa a gida.

A dawowa mota ba ta lalace ba, ko kuma ta lalace ina barci. Tsaraba hoce ce na kawo, kuma kun cinye ta kuna zaginta. Ɗanlami, ramar da ka gani ta laka ce da sauron Anka, za ta wuce. Abin da bai wuce ba shi ne, tun da na dawo, in ina kwashe wa mutum kayansa kwamfuta ta tsaya ta tambaye ni ko in tsallake, sai in janye hannuna. In kira mai kayan, ko yana ina, in tambaye shi me ke wurin.